Yaya Abdulganiyyu da Taron Bayan La'asar

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, sha huɗu ga Rajab, 1385, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Abdulganiyyu mai turare, a gidansa da ke unguwar Nakkasa. An yi masa salla a Harami.

Yaya, ni ce ƙanwarka Maryama. Masu gaisuwa suna ta cewa zazzaɓi ne ya ɗauke ka. Ban musa ba, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ni da nake kai maka kunu na san ciwonka ya girmi zazzaɓin.

Mu Hausawan unguwar nan ba ma saurin zuwa mahkama, wato kotu. Idan aure ya mutu, wurin mai sulhun da magidanta suka zaɓa ake zuwa, shi zai faɗi inda 'ya'ya za su zauna. Ka daɗe kana ganin yadda ake yanke maganar yara, ba a ko kira su an dube su ba. Shi ya sa da kujerar ta zama babu kowa, ka ce kana so. Buƙatarka ba ta da yawa: kada a raba yaro da uwarsa sai dattawa sun gan shi da idonsu, kuma a samu tsofaffin mata su saurari iyaye mata, don akwai abin da mace ba za ta iya faɗa gaban maza ba.

Ba da baki kawai ka tsaya ba. Lokacin da Ɗanjuma ya saki Shatu, ya ce zai haɗa 'ya'yansu biyu da ayarin masu komawa gida ta Sudan, kai ka rufe shago ka je ka zauna a bakin ƙofarta. Ƙaramar, Rabi, ko yaye ba a gama yi mata ba. Ka ce masa, "Ɗanjuma, 'ya'yanka ne, ban hana ka ba. Amma mu da muka taka hanyar nan mun san yaran da muka binne a kanta. Bari su yi ƙwari." Ya tafi yana huci, yaran suka zauna.

Alhaji Wada shi ne amininka. Tare kuka ratso Chadi, kai ka goya shi da ƙafarsa ta kumbura. A tsakar gidanka ya ci tuwo ya ce, "Wallahi ya shaikh, hannuna ne zai fara tashi a zaɓenka."

Ranar zaɓe, bayan la'asar, mu mata muna bayan katangar langa-langa muna ji. Wada ne ya fara miƙewa. Ya ce, "Jama'a, mutumin nan so yake ya ɗora mana mata a ka. Gobe ɗan da ka haifa sai ka nemi izinin tsohuwa kafin ka taɓa shi." Aka yi dariya. Waɗanda ka sasanta aurensu, waɗanda ka yi wa 'ya'yansu huɗuba, duk suka ɗaga wa Wada hannu, kujerar ta zama tasa. Ka shigo gida ba ka zagi kowa ba. Cewa kawai ka yi, "Khalas, shi ke nan, Maryama. Yaran nake ji."

Hukuncin farko da Wada ya yanke shi ne na Shatu. Aka ɗauke yaran. Da alhazan bana suka fara isowa, suka kawo labarin Rabi ta rasu kafin ayarin ya kai Kasala. Daga ranar ba ka ƙara buɗe shago da walwala ba.

Jiya Wada ya zo gaisuwa, ya tsaya a zaure yana cewa an yi rashin ɗan'uwa. Na amsa masa daga ciki, don ka koya mini amsa sallama. Fiye da haka ban iya ba, kuma ban ce na yafe ba.

Ya Allah Ka jiƙan Abdulganiyyu, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi ladan kowane yaro da ya tsaya wa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Ummulkhairi, da 'ya'yansa Tijjani da Sa'adatu, Allah Ya ba ku haƙuri. Ita ma Shatu ina yi mata ta'aziyya, don duk unguwar nan babu wanda ya je ya yi mata sai kai, Yaya, kana dogara sanda.