Tashar da Kaka Ya Manta

Jikana ya zo hutu daga Yamai da wani ɗan jirgin ƙasa na roba mai batir. Da ya kunna shi a tsakar gida ya fara ƙwas-ƙwas yana zagaye, sai na ajiye tsintsiya na zauna. Ƙarar ta mayar da ni garkar kakata, ɗan lambunta a bayan gidanmu na Dogon Dutsi, a shekarun da muka fara ɗaga tutar ƙasarmu a lakwal, wato makarantar boko.

Ka san dai ƙasarmu ba jirgin ƙasa. A duk unguwarmu Kaka, mijin kakata, shi kaɗai ya taɓa ganinsa. Yana saurayi, shi da ƙanensa suka gudu wa aikin dole na Faransa, suka ƙetare iyaka, suka shiga aikin shimfiɗa dogo daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda. A can ciwon ciki ya kwantar da ƙanen, kwana uku ya cika. Kaka ya binne shi da hannunsa gindin wata tsamiya, kusa da wata ƙaramar tasha tsakanin Funtuwa da Gusau. Da ya dawo, mahaifiyarsu ta sa ya yi mata alkawari cewa sunan wurin ba zai ɓace a gidanmu ba, ko wata rana wani jininsu zai je ya tsaya a kan kabarin. Shi kuwa ya ƙulle sunan a ciki, don ba ya son tada zancen. Sai da tsufa ya zo ya nema zai ba mu, ya laluba ya rasa.

Da rani ya kama, ya ce idan ya sake shimfiɗa hanyar da hannunsa zai kai wurin. Ya karɓi fangalin yakuwar kakata ya baje. Ya tsaga karan gero ya yi layi biyu, ya jera tsinken sabara a ƙarƙashi, ya ɗora gada a kan hanyar ruwan da ke fitowa daga rijiya. Tashoshi da yumɓu ya gina su. Taragai kuwa gwangwanayen sardin ne da marafan kwalba, ya ɗaure su da zaren kaba. Kakata ta yi ta mita, wai ta auri manomi ga shi ya koma yaro mai wasan ƙasa. Amma da dogo ya kai bakin albasarta, da kanta ta tumɓuke ta ba shi hanya.

Ni ce mai rubutu a gidan, saboda haka nawa aikin ya fi na kowa nauyi. Kullum da la'asar zan zauna da kayena, littafin lakwal, da fensir a hannu. Kaka zai ja jirgin daga Zariya yana kiran wurare, yana ba ni labarin inda suka sha fura mai tsami da inda kunama ta harbi shugaban leburori. Ya wuce Funtuwa lafiya lau. Sai ya iso ɗan tudun da ya soka reshen tsamiya, ya tsaya. Bakinsa ya yi ta motsi. Nakan tsokane shi da wasan jika, in ce tsoho ya cinye sunan da goro, ya yi dariya. Daga baya na daina, don dariyar ta daina zuwa.

Na je na roƙi mushe, malaminmu, ya nuna mini taswira. Ya buɗe babbar da ke bango. Ƙasarmu ce cike da sunaye, amma daga iyaka zuwa kudu fari fat, ko ɗigo babu. Na tambayi fatake a kasuwa, suka ce su mota suke shiga. Wallahi ban taɓa jin rashin amfanina kamar lokacin ba. Ga fensir, ga takarda, ga iya rubutu, abin rubutawa kawai babu.

Ranar ruwan farko muna zaune a garka hadari ya haɗo. Na tashi zan kwaso tabarmi in rufe tashoshin, ya riƙe hannuna.

“Bar su, ɗiya. Ba ruwan sama ya ɓad da sunan ba. Ni na ɓad da shi.”

Muna kallo Funtuwa ta narke, Gusau ta bi ta, gadar ta tafi cikin kubewa. Reshen tsamiyar ne ya rage a tsaye. Kafin a yanke gero Kaka ya rasu.

Yanzu garkar ta zama ɗakunan haya, rijiyar ma an cike ta. Da na ba jikana labarin, ya ɗauko waya, cikin minti ɗaya ya fito da layin gaba ɗaya, kowace tasha da sunanta. Na sa tabarau na karanta su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, har sau biyu. Na tabbata sunan ya fita daga bakina a ranar. Sai dai babu wanda ya rage da zai ce mini, “Tsaya, nan ne.”