Ranar da Gwaggo ta ba ni zaƙami da hantsi

Ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, a Sokode, aka shiga yajin aiki. Ranar da sojoji suka watsa masu zanga-zanga a bakin kasuwa, yayana yana cikinsu. Na ga an bi shi da gudu, ban ga ƙarshen gudun ba. Tun daga nan barci ya ƙaurace mini. In ma ya sace ni, sai in farka ina ƙwala masa kira.

Baba ya sa ni a kamiyon, babbar motar kaya, zuwa Dapaong, wurin ƙanwarsa, Gwaggo, mai sayar da saiwoyi da ganyaye a kasuwa. Kwanana biyu ta ja kunnena.

"Ke 'yar boko, a gidana ba a ihu. Bayan katangar nan jandarma ne ke haya. So kike ya ji sunan wanda ake kira?"

Ta dafa mini sitronel, ciyawar shayin nan mai ƙamshi, da ganyen lemun tsami da saiwar gwandar daji. Ƙamshi kawai na sha. Sai ta fara jefa 'ya'yan zaƙami a tukunyar. "Kaɗan barci, da yawa hauka," in ji ta, tana dariya. Na daina ihu. Nakan tashi harshena kamar busasshiyar fata, in tambaye ta ko an ji labarin Yaya, yana raye ko ya mutu.

"Sha maganinki. Ni na aike shi?"

Wata rana da hantsi ta miƙo mini kofin, ya fi na kullum ɗaci.

"Da hantsin nan, Gwaggo?"

"Dubi idonki kamar garwashi. Shanye."

Na shanye. Ban farka ba sai washegari bayan azahar. A hannuna na ga agogon Yaya, mai tsagaggen gilashi. Na rarrafa zuwa tsakar gida, Gwaggo ta ɗago kai daga turmi.

"E, ya zo. A motar albasa aka ɓoyo shi, za a ƙetare iyaka da shi ta Sinkase. Tun shekaranjiya aka aiko mini. Ya zauna a gefen tabarmarki, ya jijjiga ki har ya gaji. Yawu kike ta zubarwa."

"Gwaggo, kin sani kika ba ni?"

"To da in bar ki ido biyu ki tara mana unguwa da kuka? Ya gan ki, ai ya isa."

Har yau babu wasiƙa, babu saƙo. Ko ƙamshin sitronel na ji, sai in tashi in bar wurin.

Satin da ya biyo bayan zuwan Yaya, Gwaggo ta tafi da ni rumfarta. Wata mata ta zo tana kukan rashin barci. Gwaggo ta nuna ni da muciya.

"Ga shaida nan zaune, Hajiya. Wannan, ko kamiyon ya bi ta kanta ba ta farkawa."