Ranar da na shiga rumbu

Shekarar da shugaban ƙasa ya sa zare da babban banki, mu a Madarumfa a rediyo muka fara jin rigimar. Shi yana cewa kuɗin ƙasa ne, a sake su. Su can suna cewa ba da shi suka yi magana ba. Ina tankaɗen gari ina saurare, a zatona faɗan manya ne da ba zai iso ƙofar gidanmu ba.

Cikin bazara ne. Maigidana yana ci-rani a Agadas. Ƙaramar ɗiyata ta kwanta da zazzaɓi, har idonta ya fara juyewa. Majo, babban ma'aikacin jinya a likita, ya ce sai an yi mata ƙarin ruwa da allura, in je farmasi in sayo. Uban ya turo kuɗi ta waya, na tafi wurin masu biyan kuɗin saƙo. Na tarar da layi har bakin hanya, malaman lakwal, wato makarantar boko, da 'yan kasuwa duk a tsugune. Yaron wurin ya leƙo ta taga.

"Hajiya, saƙonki ya iso. Takardun kuɗin ne babu. Ko dala ba a kawo mana daga Maraɗi ba."

Na roƙi mai farmasi har na durƙusa. Ya kawar da kai.

"Tashi, don Allah. Ni ma masu kawo magani ba su ba ni bashi. In kina da hatsi, kawo."

Hatsin ci ya ƙare sai ɗan abin tuwo. Saura dammunan iri a rumbu. Kuma a gidan mijina mace ba ta shiga rumbu. Surukata 'yar garin Safo ce, iyayenta ba su yi salla ba, ita ta yi, amma wannan doka ta riƙe ta kamar farilla: matar da ta taka cikin rumbu, in ji ta, ta kori albarkar gona.

Na same ta tana shafa wa yarinyar ruwa a goshi. Na faɗa mata, ban iya ɗaga ido ba.

Sai ta ce, "Iri hwa, ɗiyata. Mi za mu shibka?"

"Inna, ban sani ba."

Yarinyar ta sanƙare a cinyarta. Inna ta shimfiɗe ta, ta miƙe, ta je ta jawo tsani da kanta.

"Hau. Ni gwiwata ba ta kai. Ki yi bismilla, ki shiga da dama."

Cikin rumbun zafi da duhu, ƙaiƙayi na cin wuyana. Ina miƙo dami ina kuka, ita tana karɓa.

Kafin la'asar na kai wa mai farmasi hatsin, aka ɗaura wa yarinyar ruwa. Washegari ta buɗe ido ta nemi kunu.

Da ruwan shuka ya sauka, Inna ta ɗauki ƙwarya ta bi dangi gida-gida, a shekarunta, tana roƙon iri. Abin da ta samo rabin gona ya ishe mu. Sauran rabin ciyawa ta cinye shi.