Bugu Bakwai a Jikin Bututu

Baboloki ba mutum ne mai magana ba, kuma abin da ya fara haɗa ni da shi ke nan. Ranar da ya fara shigowa shagona, ya ajiye wata tsohuwar rigar fata a kan keken ɗinki, ya tsaya yana kallona kamar ni ce zan gaya masa abin da ya kawo shi.

"Rra," na ce, wato malam a harshenmu, "ɗinki za a yi mata ko addu'a?"

"Ƙusoshi," ya ce. "A kafaɗa."

Iyakar hirarmu ta farko ke nan. Sunana Segomotso, ɗinkin kayan fata nake yi a garinmu na haƙar tagulla, gabashin Botswana. Duk wani ɗan ƙarfe da ke garin, wato mu masu kiɗan metal, ta hannuna rigarsa ta bi. Ni ce kuma mai gurnani a ƙungiyarmu, Baboloki ne mai ganguna. Shekara goma sha biyar na tsaya a gabansa ina waƙa yana duka a bayana, don haka na san shi kamar yadda mutum ya san bangon ɗakinsa.

A gidajen kamfani aka haife shi. Ubansa ma'aikacin rami ne, ƙura ta cinye masa huhu tun yaran ba su gama makaranta ba. Su biyu ne wajen uwarsu, shi da ƙanensa Ontiretse, kuma duk maganar da Allah ya hana babban ya zuba wa ƙaramin. Ontiretse bakinsa ba ya hutawa, hannunsa ma haka. Yana da wani bugu nasa tun yana ƙarami: uku, biyu, biyu. Da shi yake ƙwanƙwasa ƙofar uwarsu, da shi yake dukan murfin tukunya idan yunwa ta kama shi, a kansa malamai suka sha zane shi saboda dukan tebur. Shi ya fara kawo kaset ɗin ƙarfe gidan, shi ya tara wa yayansa bokitan fenti ya ce ya koyi kiɗa, tunda bakinsa ba ya aiki. Da suka girma duk suka shiga rami. Ontiretse yana cikin masu fasa dutse, Baboloki yana cikin masu ceto.

Wata Talata da safe dutse ya rufto can ƙasa, ya rufe mutum uku. Biyu sun mutu a wurin. Baboloki na cikin waɗanda suka fara sauka. Ya kara kunnensa a bututun ruwan da ya ratsa ta cikin ɓaraguzan, sai ya ji uku, biyu, biyu. Ya ɗauki sifana ya amsa.

Kwana uku suna haka. A tona, dutse ya ƙara zubowa, a ja da baya, a sake tonawa. Ana canjin ma'aikata, shi ya ƙi hawowa, yana zaune a gindin bututu da sifana a hannu. Rana ta farko bugun yana zuwa da ƙarfi har da wasa a ciki. Rana ta biyu ya fara jinkiri. Rana ta uku ya zo uku, biyu, biyun ƙarshen ba su zo ba. Sai rana ta goma sha ɗaya aka kai ga gawar.

A wajenmu ba a binne mutum sai wani daga cikin dangi ya tashi gaban jama'a ya faɗi yadda mamacin ya rasu. Kawunsu Modiri ya ja Baboloki bayan gida ana gobe jana'iza.

"Kai za ka tashi, ɗan 'yar'uwata, kai ka kasance a wurin. Za ka ce dutse ya same shi a ka, nan take, bai ma san me ya faru ba."

"Ba haka aka yi ba, kawu."

"Na sani. So kake mu binne biyu a mako ɗaya? Dubi uwarka."

Ya tashi ya faɗa, a gaban fasto da duk garin. Abokan aikinsa da suka san gaskiya suka sunkuyar da kai. Daga nan kowace Lahadi yakan je gidan uwarsu bayan coci, ta zuba masa tuwon dawa da dakakken nama, ta zauna kusa da shi ta ce, "Abin da nake gode wa Allah kullum, yaron nan bai sha wahala ba." Shi kuma ya haɗiye lomarsa. Haka ya rayu, duk abin da yake tsoro a duniya shi ne ranar da tsohuwar za ta sani.

Shekara biyar bayan haka aka rufe ramin. Rabin garin ya kwashe, ciyawa ta fito a filin ƙwallo, Baboloki ya koma waldar ƙofofi a bakin hanya. A lokacin ne ya zo wajen atisaye wata rana da yamma, a garejin wani gida da masu shi suka gudu, ya ajiye mana littafin makaranta a kan sifika. Waƙoƙi bakwai ne, amma labari ɗaya, kowace tana kama wutsiyar ta gabanta, kusan awa guda ba yankewa.

Gaolathe mai jita, wanda malamin lissafi ne a sakandare, ya duba ya yi tsaki.

"Rra, duk a kan bugu bakwai ka gina shi? Mutane a kan huɗu suke kaɗa kai. Wannan kiɗa ɗingishi yake, duk wanda ya bi shi sai wuyansa ya goce."

"Haka zai tafi."

"To a samo masa sanda," in ji Gaolathe.

Ba wanda ya yi dariya sai ni. Bayan Gaolathe ya tafi na tsare Baboloki a bakin ƙofa, na ce ba zan yayyaga maƙogwarona a kan abin da ban san kansa ba. Nan ya gaya mini komai, a tsaye, yana kallon ƙasa, cikin jimloli da ba su kai goma ba. Na koma shago na zauna a gaban keke na kasa zura zare a allura.

Shekara huɗu muka yi a kan faifan nan, kuma har gobe ban ji wani abu da ya kai shi ba. Waƙa ta farko a hankali take, jita ɗaya tana tafiya kamar mutum ya fito da sassafe, sai sautin ya riƙa yin ƙasa yana yin ƙasa, kana jin kejin da ke kai ma'aikata cikin rami yana sauka da kai. Ta biyu ita ce ruftawar. Gaolathe ya sassauta wayoyin jitarsa har suna karkarwa, ganguna biyu na ƙafa suna zubowa ba numfashi, ni kuma ina gurnani daga ƙasan ciki. Sai komai ya ɗauke ɗif. Cikin shirun nan ake fara jin bututu. Ba ganga Baboloki ya sa ba, ainihin bututu ya yanko daga juji ya ɗauko sifanarsa. Ya buga sau ɗaya nesa da makirufo, ya buga sau ɗaya kusa, mai kira da mai amsa. Daga nan bugun ba ya barin faifan. Jita ta ɗauke shi, ganguna su karɓa, a juya shi, a binne shi cikin ƙara, ya sake ɓullowa. Tsakanin waƙoƙin ya sa jiniyar safe ta kamfani, wadda ke tashin garinmu a da, sau uku a dukan faifan. Bayan kowace jiniya bugun yana ƙara nauyi da jinkiri. Waƙa ta bakwai minti goma sha ɗaya ce, kayan kiɗa suna fita ɗaya bayan ɗaya har ya rage bututu kaɗai.

Mun yi dabara, a ganinmu. Kalmomin da Turanci suke, kuma cikin gurnanin da ni kaina sai na duba takarda nake sanin me na ce. Masu irin kiɗanmu sukan buga labarin a ɗan littafi su sa cikin kwalin faifai, mu muka ce ba za mu buga ba. Baboloki zai faɗi gaskiyarsa da iyakar ƙarfi a gaban duniya, uwarsa kuma ba za ta ji komai ba sai hayaniyar yara. Mu uku, manya da hankalinmu, muka yarda cewa labari a cikin kalmomi yake zaune.

Muka je Gaborone, babban birni, muka naɗi faifan. Da aka zo batun kwali, Baboloki ya ce a sa sunan Ontiretse a baya. Nan na buɗe bakin nan nawa.

"Ba a ɗaukar sunan mamaci a kai kasuwa gidansu ba su sani ba," na ce. "Fata muke sawa, ba mu zama dabbobi ba. Mu je mu gaya wa Mma."

"Za ta ce sai ta ji."

"To ta ji mana. Me za ta gane? Minti biyu za ta ce a kashe, kanta na ciwo."

Ni na faɗi haka, kuma ban yafe wa kaina ba.

Muka je ranar Lahadi da rana tsaka. MmaBaboloki, wato uwar Baboloki, tana tsakar gida a inuwar bishiya, ba ta ma cire kayan ƙungiyar mawaƙan coci ba. Shekara arba'in ita ke jagorantarsu da tafi. Muka cire huluna muka durƙusa muka gaishe ta.

"Sego, 'yata, zafin nan bai dafa ku a cikin fatun nan ba? Kun zo kamar shanun da suka ƙi yanka."

"Mun saba, Mma."

"To ku sa in ji abin da ya hana ɗana aure."

Gaolathe ya ɗora sifika a kan kujera ya kunna. Waƙar farko ta gyaɗa kai ta ce wannan ai da daɗi. Da ta biyu ta barke, ta toshe kunne ɗaya tana dariya.

"Ke ce ke wannan kukan? An kai ki asibiti kuwa?"

Sai shirun ya zo, sai bututu.

Dariyar ta tsaya a fuskarta. Na ga hannunta a kan gwiwa ya fara bi, uku, biyu, biyu, tun kafin a maimaita. Ta juya kai wajen ƙofar ɗakinta, ta dawo da shi. Da jiniya ta farko ta yi kuka sai ta lanƙwasa yatsa ɗaya. Matar ma'aikacin rami ce, uwar ma'aikatan rami, ba ta bukatar kowa ya gaya mata cewa jiniyar nan sau ɗaya take kuka a rana. Gaolathe ya miƙa hannu zai kashe.

"Bar shi, ɗana," ta ce, ba ta ko dube shi ba.

Muka zauna muka ji shi har ƙarshe. Ban taɓa sanin awa ɗaya tana da tsawo haka ba. Kaji suna kiwo a gefenmu, wani maƙwabci ya leƙo ta katanga ya koma. Baboloki ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa. Jiniya ta biyu, yatsa na biyu. Ta uku, na uku. Can ƙarshe bututun ya buga uku, biyu, ya tsaya. Hannunta ya ƙarasa biyun a kan gwiwa, shi kaɗai.

"Kwana uku," ta ce. Ba tambaya take yi ba.

"Mma..."

"Na ji ƙarfe biyu, ɗaya nesa ɗaya kusa. Wa ke amsa masa?"

"Ni ne."

"Ka amsa har ƙarshe?"

"Har ƙarshe, Mma. Ban tashi ba."

Ta daɗe tana kallon yatsunta uku da ke lanƙwashe. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Ka tsaya a kan kabarinsa ka ce nan take. Modiri ne ya sa ka, na san aikinsa." Ta numfasa. "Shekara tara ina gode wa Allah a kan abin da bai yi ba. Ina nan ina dafa wa masu zaman jira shayi, yaron yana can yana ƙwanƙwasa mini ƙofa."

Baboloki ya matsa da gwiwoyinsa zai kama ƙafarta. Ta janye ta a hankali.

"Ku bar mini faifan da abin kunnawar. Kai kuma Lahadi mai zuwa kada ka zo. Ba fushi nake yi ba, Baboloki. Ba zan iya zuba maka abinci ina kallon hannun nan naka ba."

Faifan bai fita ba. Kwali ɗari biyu suna ƙarƙashin teburin yanka a shagona, ina tuntuɓe da su kullum. Ƙungiyarmu ta watse ba tare da kowa ya ce a watse ba, Gaolathe ya nemi canji zuwa Maun. Baboloki yana nan yana walda, gangunansa na lulluɓe da tamfol. Shekara biyu ke nan, ba a kira shi cin abincin Lahadi ba, shi ma bai roƙa ba.

Hanyar shagona ta bayan gidan uwarsu take bi. Kowace safiya idan tsohuwar ta gama shara takan fito da kujera ta kunna, maƙwabta sun gaji da magana sun yi shiru. Sau da yawa nakan tarar da Baboloki a tsallaken hanya da kayan aikinsa a kafaɗa, yana tsaye yana sauraro. Ba na gaishe shi, shi ma ba ya ganina. Tsohuwar tana jin waƙa ta farko, ta daure wa ta biyu, ta bi ta uku da ta huɗu da hannunta a kan gwiwa. Ana gama ta huɗu, lokacin da bugun yake da sauran ƙarfinsa, sai ta tashi ta kashe.