Ranar da Haradhan Pramanik Ya Ce a Ɗaure Shi

A shekarun baya, kowace safiya, kafin masu keken haya su fara kaɗa ƙararrawa a layinmu na Kusumdanga, Haradhan Pramanik ya riga ya zauna a barandarsa da shayi a kofin ƙasa, yana karanta wasiƙu. Wannan ya rubuto aljani na jifan rufinsa, waccan an ce iska ta kama 'yarta. Kowacce da hannunsa yake amsa ta. Matarsa Bishakha takan fito daga ɗakin bautarta tana ƙamshin turare, ta tsokane shi da sunan da muke kiran malamai: "Mastar-moshai, yau aljanin wane gari za ka je ka takalo?"

"Wanda ya fi kusa da tashar jirgi," in ji shi. "Bayana ya gaji."

Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da kimiyya a sakandaren garinmu. A tsakanin nan ya rubuta littattafai goma sha ɗaya, ƙanana, a takarda mai arha, waɗanda masu talla ke yawo da su cikin jirgin ƙasa tare da gyaɗa da mataji. Ba a taɓa ba shi lambar yabo ba. Magana ɗaya yake nanatawa a cikinsu: kafin ka durƙusa wa mai nuna abin al'ajabi, ka ce ya sake, kana kallon hannunsa.

Bai taɓa hana kowa ibadarsa ba. Rigimarsa da masu cin abinci da tsoron mutane ce. Da idona na ga wani mai tsubbu a kasuwa ya ɗiga ruwa kan itace, wuta ta tashi, mata suka zube. Haradhan ya buɗe jakarsa, ya tayar da irinta, ya faɗi sunan garin magani da man da ake haɗawa. "To, mun zama biyu," ya ce. "Wa za ku fara durƙusa wa?" Kasuwa ta kwashe da dariya.

Amma abin da ya faru a ƙauyen Dhulapara ba na dariya ba ne. A wata damina da ruwa ya yi ambaliya, yara huɗu daga gidaje huɗu suka kwanta da amai da gudawa, ɗaya ta rasu. Aka ɗauko boka. Ya kara farar takarda a kan fitila, sai ga sunan Sarala ya fito, baƙi ƙirin. Sarala tsohuwa ce daga dangin da mutanen gari ke ƙyamar taɓawa, mijinta ya mutu, ba ta da ɗa, tana shanya wa mutane shinkafa ta samu na ci. Da tsakar rana suka ɗaure ta a gindin bishiyar dandali, aka aika a kawo reza. Kowa a ƙasar nan ya san aski ba shi ne ƙarshen irin wannan hukunci ba.

Gour, mai raba wasiƙu, shi ya gani, ya tako kekensa mil shida ya goyo Haradhan. Shi ya ba ni labarin.

"Mastar-moshai, nan ba aji ba ne," in ji mai unguwa. "Koma inda ka fito."

"Zan koma. A ba ni lemun tsami ɗaya da tsinken tsintsiya."

A gaban kowa ya matse lemun, ya tsoma tsinke, ya yi rubutu a takarda. Ta bushe, ba a ganin komai. Ya kara ta a kan fitilar bokan, sai ga suna ya fito: Haradhan.

"Ga mayenku," ya ce, ya miƙa hannuwansa biyu. "Ku kwance ta ku ɗaure ni."

Wani ya wurgo dutse daga baya, ya fasa masa gira. Bai ko shafe jinin ba. Ya juya wurin Panchu, uban yarinyar da ta rasu, wanda ya taɓa zama ɗalibinsa.

"Panchu, ɗana, gidajen nan huɗu a ina kuke ɗiban ruwa?"

"Rijiyar bakin tafki."

"Ambaliya ta shiga cikinta?"

"Ta shiga."

"Sarala fa, a nan take ɗiba?"

Panchu ya sunkuyar da kai. "Ba ma barin irinsu su taɓa ta."

"To, matar da kuka hana ko leƙa rijiyar, ita kuka ɗaure. Yara uku na can kwance, rijiyar tana nan a buɗe, ku kuna jiran reza."

Panchu ya je da kansa ya kwance igiyar yana kuka. Haradhan ya kira tsohuwar da sunan da muke kiran babbar yaya, ya ce, "Didi, ƙishirwa nake ji." Ta kawo ruwa, ya karɓa daga hannunta ya sha a gaban manyan gari da ba su taɓa yarda inuwarta ta faɗa kansu ba. Kafin a waiwayi boka, ya sulale. Yaran uku aka kai su asibiti a keken shanu, duka suka tashi.

Yanzu shekararsa saba'in da shida, ido ya yi hazo, likita ya hana shi tafiye-tafiye. Kwanan baya na tambaye shi ko bai ji tsoro ba ranar nan. Ya yi dariya. "Gwiwoyina kaɗawa suke yi. Zanen da na ɗaura ne ya rufa min asiri."

Mastar-moshai, kai ne ka shiga tsakanin igiya da wuyan matar da ba ta da kowa. Kai ne ka nuna mana tambaya ba rashin kunya ba ce. Mutane nawa ke numfashi yau saboda kai, ba ka ƙirga ba, mu ma ba za mu iya ba. Mun gode, mun gode ƙwarai.

Ku kuma da kuke karantawa, wata rana za a nuna wata da yatsa a gabanku, jama'a ta taru, kowa ya yi shiru. Kada ku jira sai tsoro ya sake ku. Ku miƙe da shi a jikinku, ku ce a sake yi muna kallo.