Malam Mato, Mai Gadin da Ya Kulle Get da Rana Tsaka

Shekara ashirin da shida ke nan, da an sallame sallar asuba Malam Mato zai ja ƙafa zuwa get ɗin layinmu a Agege, ya buɗe, ya share gaban ɗan ɗakinsa na gadi, ya zauna a benci da rediyonsa. Mai wucewa Bahaushe ya gaishe shi da Hausa, Bayarabe da Yarbanci, wanda bai amsa ba kuma gobe ma sai ya sake gaishe shi. Yana da gora, amma ban taɓa ganin ta yi wani aiki ba ban da korar awaki. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwa ta ce ta gaji.

Wata shekara kwamitin masu gidaje suka ba shi doka: duk ɗan Arewa mai tura ruwa ko mai okada, a laluba shi kafin ya shiga. Su kaɗai. Malam Mato bai yi musu ba. Washegari sai ya laluba kowa, har ya sa shugaban kwamitin ya buɗe but ɗin motarsa, layi ya kai bakin titi. Da oga ya fusata, Malam Mato ya ce masa cikin ladabi shi idonsa bai iya gane ɓarawo daga fuska ba, ko a duba kowa ko a bar kowa. Dokar ba ta yi mako ba.

Amma ranar da ba za mu manta ba ita ce ta Naziru, wani magidanci mai tura kurar ruwa, sabon zuwa. Ya tsinci waya a ƙasa, ya sa a aljihu zai kai masallaci a yi cigiya, yadda ake yi a garinsu. Bai san a Legas tsintuwa a aljihu sunanta sata ba. Wayar ta yi ƙara, mai ita, Iya Bose, tana bayansa. Kafin ka ce me an yi masa jina-jina, wani ya gangaro da taya, wani ya tafi neman fetur. Labari ya kai bakin titi, samarinmu 'yan Arewa suka taso da sanduna.

Malam Mato ya kutsa, ya finciko Naziru ya jefa ɗakin gadi, ya kulle. Sannan ya ja get ya datse, namu a waje, masu taya a ciki. Ya jingine gorarsa, ya ja benci ya zauna a bakin ƙofar ɗakin.

Samarinmu suna jijjiga get, suna cewa Baba ya buɗe, ɗan'uwa ake kashewa. Ya ce musu, "Yana hannuna, da ransa. In kuka shigo da sandunan nan, gawa nawa za mu ɗauka yau?"

Ya juya ga na ciki da Yarbanci, yana kiran kowa da sunansa da na uwarsa, don a gabansa suka girma. Ya miƙa wa Iya Bose wayarta, ya roƙe ta a kira Alfa, limamin layin. Alfa ya zo ya leƙa ta taga, ya ce ai wannan ne ya kawo masa makullai da ya tsinta makon jiya. Iya Bose da kanta ta kawo ruwan ɗumi aka wanke wa Naziru fuska.

Malam Mato, kai ne ka nuna mana ana ƙin wulaƙanci ba tare da an ɗaga sanda ba. Namu sun ce maka matsoraci, nasu sun ce ka ɓoye ɓarawo, ka shanye duka. Wallahi muna alfahari da kai, kuma mun gode. Wanda zai gaji bencinka, da duk wanda aka danƙa wa makulli ko kaki, ya koyi wannan zama naka.

Allah ya ba ka lafiyar gwiwa. Daminar bana, a wani ƙauye na Jigawa, yara uku sun ga ubansu Naziru ya dawo noma da ƙafarsa. Ko sunanka ba su sani ba.