Aron Kunne

Tun yana saurayi masunta suka laƙaba masa Kunnen Ruwa, don shi ba ya jefa taru sai ya saurara. Yakan tsayar da kwalekwale, ya tsoma filafili tsaye a ruwa, ya kafa kunne a ƙotarsa, ya runtse ido kamar mai satar jin gulma. Kifi yana magana, in ji shi, kuma kowanne da muryarsa. Idan garke ya taru yin ƙwai muryar daban ce, sai ya naɗe tarunsa ya bar musu wurin. Wajen mahaifinsa ya koya, da kunnen nan kuma ya riƙe gida har ya aurar da 'ya'ya.

Sai kunnen ya fara tafiya. Matarsa, mai bandar kifin da yake kamowa, takan yi ta kira daga bakin murhu, shi ko waiwaye. Ba ta kawo komai a ranta ba, don dama can kifi yake saurara, ba ita ba. Sai da kwando ya riƙa dawowa wayam ta gane.

Babban ɗansu, mai aiki a jirgin inji, ya zo ya ɗaga murya yadda tsohon zai ji. "Baba, ka huta haka nan. Gobe zan jawo kwalekwalen tudu in kife shi."

Tsohon ya ɗauki filafilinsa yana ta goge shi da gefen riga, abin gwanin ban tausayi.

Matar kuwa tsoron ruwa take kamar me, ba ta taɓa taka kwalekwale ba. Amma da safe a ciki tsohon ya same ta, ta ƙanƙame gefensa da hannu bibbiyu.

"Tuƙa mu tafi, Malam, kafin hankalina ya dawo."

A tsakiyar ruwa ya tsoma filafilin, ta kafa kunne a ƙotarsa.

"Me kika ji?"

"Kamar cikinka in abinci ya yi latti!" ta faɗa da ƙarfi.

Dariya ta ƙwace masa. "Kifin kurungu ke nan!" Ya jefa taru, suka jawo abin da ya rufe gindin kwando.

Can kusa da ciyayi ta zaro ido. "Nan fa cike yake! Ƙasa-ƙasa, ba sa shiru, kamar mata a ɗakin mai jego. Jefa maza, yaron nan ya gani da idonsa."

Ya kalli ruwan, ya kalli kwandon. Jifa ɗaya zai rufe bakin kowa, ya sani. Ya naɗe tarun.

"Masu ƙwai ne, uwar yara. A bar su."

Haushi ya kama ta, ta yi ta faɗa har suka juya, daga kifi ta koma kan rufin ɗaki mai yoyo. Shi kuwa ya matso, ya zuba wa bakinta ido, yana tsoron kada kalma ɗaya ta wuce shi.

A gaɓa ɗan yana tsaye da igiya. Ya leƙa kwandon, ya yamutsa fuska.

"Mayar da igiyarka," in ji uwar, tana fitowa da rarrafe. "Gobe ma da ni za a fita. Tun da aka kawo ni gidan mutumin nan, sai yau ya saurare ni."